Ɗingishin Mai Fitila

A ofishin nan mai tebur shida da fanka ɗaya mai ƙara, aikin Auta neman aibu ne. Sauran su gina wasan kwamfuta, ita ta zauna da madannin sarrafa wasan a hannu daga safe zuwa la'asar, tana cusa kai duk inda mai hankali ba zai shiga ba, inda abu ya karkace ta rubuta. Ba a cika son mai irin wannan aiki ba. Yayanta ne ya kawo ta, shi ya koya mata, kuma shi ya kafa dokar ofishin: ba a gyara komai a wasa sai mai gwaji ta rubuta shi.

Wasan da suke ginawa na tsoro ne. Wani birni ne na can gaba, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, fitilun talla ja da kore ke haska titunan da rana ba ta kaiwa. Mutanensa sun sayar da hannayensu sun sa na ƙarfe, kowa da waya soke a ƙeya. Ƙarƙashin gine-ginen akwai wani dodo da aka haɗa da wayoyi da fuskokin waɗanda suka ɓace, yana bin mai wasa yana kiransa da muryar tsohuwa mai lallashi. Wasan ya yi kyau, madanni na bin hannu yadda ake so, sai wuri ɗaya.

Akwai wani siririn lungu inda wani tsoho mai fitila ke shiga gaba ya nuna hanya. Tsohon yana ɗingishi. Ba a iya wuce shi, dodo kuwa na tafe a baya, sai ya cim ma mutum kafin a kai ƙofa.

Ɗingishin na Yaya ne. Lokacin da ake buƙatar tafiyar tsohon ba su da ɗan wasan kwaikwayo, sai Yaya ya ɗaura na'urorin ɗaukar motsi a gwiwa da ƙugu, ya yi ta zarya tsakanin tebura ana dariya. Ƙafarsa ta hagu ta gajarce tun faɗuwar da ya yi daga bishiya yana yaro. Ya ce na wucin gadi ne, zai sauya. Bai sauya ba, zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi wata uku da suka wuce.

Tun daga nan Auta, wadda ko inuwa ta goce sai ta rubuta, ba ta ce uffan a kan lungun ba. Kullum sai ta je can ta bi bayan tsohon, tana kallon yadda kafaɗarsa ke sauka hagu ta ɗago, har dodo ya cinye ta, ta sake farawa. Kewarsa take yi, kuma nan kaɗai ya rage yana tafiya.

Ranar wanka dai ba a ɓoye cibiya. Saura mako biyu a saki wasan, Oga, abokin Yaya da suka buɗe ofishin tare, ya jawo kujera kusa da ita.

"Auta, mutum goma na waje muka ba su su gwada. Bakwai a lungun nan suka ajiye madanni. Ke ba ki gani ba ne?"

"Na gani, Oga."

"Ni ma na san tafiyar wa ce. Shekara tara ina jin ta a bayana a matakalar nan." Ya murza ido. "Ba zan taɓa ta ba sai kin rubuta. In ba ki rubuta ba, haka za mu sake shi, mutane su ce aikinsa na ƙarshe bai bugu ba."

Wannan maganar ce ta karya ta. Ta buɗe takardar rahoto ta rubuta: tsoho mai fitila yana jinkiri, yana tare hanya, a sauya tafiyarsa. Ta rarrashi kanta da cewa tsohon kwafin wasan yana kan kwamfutarta, duk ranar da ta so za ta buɗe ta gan shi.

Kwana uku bayan nan Oga ya ce sabon kwafi ya fito. Kowane mai gwaji ya san abu na farko: a goge na jiya kafin a ɗora na yau, kada a wuni ana gwada abin da aka riga aka gyara. Shekara huɗu hannunta na yin haka kowace safiya. Sabo turken wawa. Tana juya shayi da hannun hagu, na dama ya yi aikinsa, sai da layin gogewar ya cika a allon kwamfuta sannan ta gane abin da ta yi.

Ta miƙe ta isa teburin Oga.

"Oga, ainihin fayil ɗin tafiyar yana wajenka, ko?"

Ya ɗago a hankali. "A kansa muka ɗora sabon. Ai na ɗauka kin ajiye naki."

Ta koma kujerarta ta ɗauki madanni, don aiki na jira. Ta ratsa kasuwar hannayen ƙarfe, ta sauka ƙarƙashin gada, dodo ya taso yana kira. A lungun, tsohon ya ɗaga fitila ya miƙe sambal, ƙafa biyu daidai. Ta bi shi a guje ta kai ƙofa da sauran numfashi. Sau goma ta buga, sau goma tana tsira. Wasan bai taɓa daɗin bugawa haka ba, ta kuwa rubuta hakan.

A karo na sha ɗaya ta rage gudu da gangan, ta riƙa takawa a hankali yadda ta saba bin bayansa. Tsohon bai jira ta ba. Ya sha kwana da fitilarsa, lungun ya yi duhu.