Ranar da Tabawa Ta Kama Ɗan Sanda

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso kusa, don wannan ba ta dariya ba ce.

Tabawa na tsaye a bakin bandar da take busar da kifi, da kifi a hannu, a kan idonta bindigar ta tashi. Tau! Kaji suka watse. Da ta waiga sai ta ga maƙwabcinta Dogo a gindin giginya, inda kullum yake zama yana ɗinkin taru da rediyonsa rataye a jikin giginyar, ya dafe ciki da hannu biyu yana kallon jinin kamar na wani ne.

'Yan sanda biyu ne suka ƙetaro daga Warra zuwa tungar masuntan da su Tabawa ke zaune, wai sun zo ƙwace taru mai ƙananan idanu, irin wanda aka hana. Samari suka taru, murya ta yi sama. Ƙaramin cikinsu, wani kurtu wai shi Jamilu, ya ɗaga bindiga zai harba sama, amma harsashin bai tafi sama ba. Babban kuwa da ya ga jini, sai ya faɗa jirgin da ya kawo su, ya ce wa mai inji ya ja. Aka bar Jamilu a kan yashi, ruwa a bayansa, mutane a gabansa.

Rabi'u, ɗan Tabawa, shi ya fizge bindigar ya jefar. Ku kuwa sani, tun da uban Rabi'u ya rasu, Dogo ne ya riƙe shi, ya koya masa jefa taru da karanta iska. Dogo ɗan coci ne, Tabawa mai salla, amma dangar kara ɗaya ce tsakaninsu. Naman layya ta kanta yake ƙetarawa, shinkafar Kirsimeti ta kanta take dawowa.

"Ku kawo igiya da dutse!" in ji Rabi'u.

Wakili, mai riƙe da tungar a madadin mai gari, ya shiga tsakani yana haki. "Kai Rabi'u, kana hauka? Wanga ɗan gwamnati ne. Ku buɗe mai hanya ya tahi. In kunka taɓa shi, gobe ko kaza ba a bari tungar ga."

"Ya tahi? Ya harbe Baba Dogo, ya tahi?"

Tabawa ta dubi ɗanta, ta ga idanun da ba ta taɓa gani ba. In aka saki yaron nan, maganar ta mutu ke nan. In kuma aka bar shi a hannun Rabi'u, ita ce za ta rasa ɗa. Sai ta yaye gyalenta, matar da ko jikokinta ba su cika ganin kafaɗarta ba, ta ratsa samarin nan, ta kama wuyan hannun Jamilu ta ɗaure tamau. Ɗaya bakin gyalen ta ɗaura a nata hannun, ta ja ƙullin da haƙori.

"Yaro, na kama ka."

Wakili ya riƙe baki. "Haba Tabawa! Talaka na kama ɗan sanda? Su aka sani da kamu."

"Gaban idona ya yi. In ba ni ba, wa?"

Daga gindin giginya aka ji muryar Dogo, ƙasa-ƙasa. "Wakili, bar ta. Na taɓa ji a rediyo. Wanda ya ga laifi da idonsa yana iya kamawa. Amma a kai shi ga hukuma da ransa. Rabi'u, ka ji? Da ransa." Ya yi tari, ya dubi Tabawa. "Maƙwabciya, kin ɗaure shi kamar akuyar kasuwa."

"Yi shiru, tsohon banza, ka adana numfashinka," ta ce, hawaye na zubo mata.

Aka shimfiɗa Dogo a jirgin Rabi'u don a kai shi asibitin Warra. Matarsa Asibi ta ɗora kansa a cinyarta, ta danne raunin da zane. Tabawa ta zauna a tsakiya da kamammenta. Rabi'u ya ja inji.

Rana ta take, ruwa shuru kamar an shimfiɗa tabarma. Sun kai inda ba a ganin tunga, Warra kuma ba ta bayyana ba, Dogo ya nemi ruwa. Asibi ta ɗebo da tafin hannu daga tafkin ta jiƙa masa leɓe. Ya ce a gaya wa wani ya sauko da rediyon nan kada ruwan sama ya dake shi. Daga nan bai ƙara magana ba. Sai Asibi ta ɗora hannu a ka ta saki kuka.

Rabi'u ya kashe inji. Ya miƙe, jirgi ya yi tangaɗi.

"Inna, kwance gyalen nan."

"Ba ni kwancewa."

"Inna, don Allah. Ba mai gani. A ce faɗawa ya yi."

To Tabawa 'yar tudu ce, daga ƙasar Shanga aure ya kawo ta bakin ruwa. Ta tsufa a tunga amma ba ta taɓa koyon iyo ba, kuma Rabi'u ya fi kowa sanin haka. Ta ɗaga hannun da ke ɗaure ta nuna masa.

"Ga shi nan. Tura shi. Amma ka san da wa za ya nutse."

Jamilu ya fashe da kuka, majina da hawaye. "Inna, ki kwance. Ni na yi. Wallahi ba da gangan ba, amma ni na yi."

"Kai yi man shiru. Kamamme ba ya da ta cewa sai gaban hukuma."

Ruwa na ta bugun gefen jirgi. Rabi'u ya daɗe a tsaye yana kallon uwarsa, yana kallon fuskar Dogo. Can sai ya durƙusa, ya ja zane ya rufe wa tsohon ƙafafu, ya koma ya ja igiyar inji.

A Warra, ta tsakiyar kasuwa Tabawa ta ratsa da shi, mutane na bin su a baya. Sajen da ke bayan kanta a caji ofis ya miƙe tsaye.

"Wa ya ɗaure shi haka?"

"Ni."

"Ke tsohuwa, kin san wa kika ɗaure?"

"Na sani. Gawar na can bakin ruwa, ka aika a duba."

Jamilu ya sunkuyar da kai. "Saje, ni na harba."

Aka yi aka yi ƙullin ya kwance, ya ƙi, don ya sha ruwa ya cije. Sai da aka kawo wuƙa aka raba gyalen biyu, aka shige da Jamilu ciki da rabinsa a hannu. Tabawa da Rabi'u ma an tsare su ana ta tambaya, sai da Wakili ya ƙetaro da dattawa aka sake su.

An binne Dogo a bayan coci, masu salla na tsaye daga gefe har aka gama. Jamilu an wuce da shi Birnin Kebbi. Wasu sun ce an tuɓe masa kaki, wasu sun ce wurin aiki kawai aka sauya masa, kuma har yau ba a kira kowa daga tunga ya ba da shaida ba. Asibi ta koma Yelwa wurin 'yarta. Rabi'u ya daɗe ba ya haɗa ido da uwarsa, amma yana nan da ransa, yana su, kullum da yamma yana ajiye mata kifi a bakin banda. Tabawa kuwa ita ta sauko da rediyon. Yana rataye a dangar karan nan, naɗe cikin rabin gyale, ba mai kunnawa.