Kilo Biyu

Likita ya lanƙwasa hannun tela, ya miƙar da shi, ya sake lanƙwasawa kamar mai gwada sabon almakashi.

"Ka gani? Wata uku kacal, gwiwar ƙarfen ta zauna daram."

Tela ya washe baki. Shekara huɗu gwiwar hannunsa na dama tana cinsa, amma ba don ɗinki ya yarda aka yi masa aiki ba. Tun da ɓarin jikin matarsa ya shanye, shi ke ɗaukarta daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. Yanzu matan maƙwabta ke cicciɓarta kamar buhu, ita kuwa ta runtse ido don kunya.

"To likita, yaushe zan fara ɗaukar mai ɗakina?"

"Ɗauka? Baba, ai an faɗa maka tun kafin aiki. Kilo biyu. Butar shayi, shi ke nan."

"Zuwa yaushe?"

"Har abada. Ka wuce haka, ƙarfen ya kwance, kuma ƙashinka ba zai jure wani aikin ba."

An faɗa masa kuwa. Ya ji da kunnensa, ya ɗauka irin tsoratarwar likitoci ce, masu hana ka gishiri su je gida su barbaɗa nasu. A cikin bas ya rungume hannun a ƙirji. Ga hannu ba ciwo, ga shi ba amfani.

A gida ya tarar da matar tasa a kwance, kwanon abincin rana a gefenta, ko rabi ba ta ci ba.

"Me ya ce, Malam?"

"Ya ce Alhamdu lillahi. Ke kuma yau ma ba ki ci ba?"

Ta yi murmushi da ɓarin fuskarta mai motsi. "Sai yau ka lura? Wata uku ke nan ina ragewa, don kada in yi maka nauyi. Dubi wuyana. Zo ka gwada mana, tsoho."

Ya dubi ƙasusuwan wuyan nata. Ya zauna a bakin gado, ya ɗebo abinci a cokali.

"Ci tukuna. Likita ya ce sai wata mai zuwa."

Ta kawar da kai daga cokalin.

"To bari in ƙara ragewa kafin nan."