Birkin Injin Jini

'Yar Sauri ta karkata kwalbar gwaji tana zuba jinin ta gefe, ɗigo bayan ɗigo, don ya kwanta a kan ruwan tacewa da ke ƙasa ba tare da sun gauraya ba. Wannan ne kaɗai aikin da take yi a duniya ba da gudu ba. Ko gaisuwa rabi take yi, shi ya sa sunan ya bi ta a ɗakin gwaje-gwajen asibitin.

Jinin wata tsohuwa ne. Sau huɗu aka soke ta da safe kafin a dace da jijiya, abin da aka samu kuma bai fi cokali biyu ba. Likita na jiran fararen ƙwayoyin jininta, don ya san ko maganin da take sha yana aiki.

"Ko sojoji za ku kira, ba mai sake huda ni," in ji tsohuwar. Da ƙyar 'Yar Sauri ta lallaɓa ta ta jira a benci.

Ta saka kwalbar a inji, ta ajiye wata mai nauyinta a ɗaya gefen, ta rufe, ta kunna. Minti talatin zai yi yana juyawa. Jajayen ƙwayoyi su nutse ƙasa, ruwan jini ya taso sama, fararen su taru a tsakiya, siriri kamar yanar madara. Sharaɗin ɗaya ne: inji ya tsaya don kansa. In birki ya kama, komai ya dame. Oga, shugaban ɗakin, har takarda ya manna a murfin da rubutunsa: A KASHE BIRKI.

Saura minti biyu ya shigo yana kaɗa makullai.

"Kin dai duba birki ko?"

"Ai kullum a kashe yake, Oga."

Makullan suka yi shiru.

"Na kunna shi ɗazu, da na yi wani gwaji," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohon inji ne, ba ya karɓar gyara yana cikin gudu, maɓallin tsayarwa kuwa shi ne birkin kansa. Hannun tsohuwar ta tuna, duk auduga da filasta, sai tausayi da kunya suka rufe ta.

Oga na tsaye yana salati, ita kuwa tuni ta durƙusa bayan tebur, ta fizge filogin daga bango.

"Ke! Me kika yi?"

"Abin da 'yan wuta ke yi mana kullum. Ka taɓa jin ya ci birki in an ɗauke wuta?"

Injin ya ci gaba da juyawa, ƙararsa na raguwa a hankali. Minti ashirin suka yi a kansa. 'Yar Sauri ba ta taɓa tsayuwa wuri ɗaya haka ba tunda uwarta ta haife ta.

"Ni na kunna, amma ke ma ba ki duba ba," in ji Oga.

"To mu raba biyu, Oga. Ka ɗauki babban."

Da injin ya yi tsit ta mayar da wuta, murfi ya buɗe. Ta ɗaga kwalbar saitin taga da hannu biyu. Ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama, a tsakiya ga siririn farin zobe, ko gezau bai yi ba. Ta tsotse shi da bututu a hankali, ta miƙa wa Oga, ta fita da gudunta.

Tsohuwar na nan a benci. Ta riga ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta miƙo ɗayan hannun da ba a taɓa ba, ta kawar da kai, ta runtse ido.

"Na ga kun daɗe," ta ce. "Yi maza, 'yar nan, kafin in fasa."

'Yar Sauri ta zauna kusa da ita, ta kama hannun rigar, ta sauke mata shi a hankali.