Zagayen Tsibirai Ban da Marjorie

Marjorie ta haura hamsin kafin ta fara shiga kwalekwale, siririn nan na mutum ɗaya da ake tuƙawa a teku. Aminiyarta Yvette ce ta ja ta, bayan rasuwar mijin Marjorie. Shekarar farko a lungun ruwan garinsu da ke tsibirin Cape Breton suka yi ta, inda teku ke kwance. A ta biyu suka shiga ajin Lachlan, wani malamin tuƙin kwalekwale, don ya ce waɗanda suka ƙware zai kai su zagayen tsibiran gabas a ƙarshen bazara.

Ta sha wuya. Ta koyi karkata kwalekwale da ƙugu, da lura da cikowar teku da janyewarta, da ceto wanda ya kife. Mirginowa ce ta kusa sa ta kuka: ka kife, kanka a ƙasa cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, ka share da filafili, ka murɗa ƙugu ka taso.

"Kanki ne ƙarshen fitowa, Marj!" in ji Lachlan. "Daina miƙa wuya kamar agwagwa!"

Abu ɗaya ta ɓoye. Wani lokaci jiri na ɗibarta. Likita ya ce matsalar kunne ce, ya ba ta magani, abin kuma ya lafa. Yvette kaɗai ta faɗa wa, wata rana a mota suna cin soyayyen kifi da dankali.

"Haba ƙawata," in ji Yvette, "daga bakinki sai kunnena."

Ranar gwaji iska ta taso. Lachlan ya kai su bakin mashigar teku, inda igiyar ruwa ke karo da juna. Wata ta doki Marjorie a gefe ta kifar da ita. Ta natsu, ta share, ta murɗa, sai ga ta zaune ruwa na zuba daga hancinta. 'Yan aji suka ɗau ihu.

Da suka fito gaɓa, Lachlan ya ja ta gefe yana sosa gemu.

"Kin burge ni, Marj. Amma ba zan tafi da ke ba. Mai jiri, a wurin da babu asibiti kusa..."

"Wa ya ce maka ina jiri?"

Ya waiga. Yvette na can tana ta naɗe igiyar da ta riga ta naɗu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun farkon bazara. Na ɗauka ta gaya miki mun yi magana."

Marjorie ta taka har gaban Yvette, rigar ruwa na ɗiga.

"Don ke na yi," in ji Yvette da sauri. "In kika suma a ruwa, wa zai ciro ki? Ni ce fa!"

"Da ni kika tara da wannan magana, Yvette, da na ji. Amma kina kallo ina shan ruwan gishiri wata da watanni, kina tafa mini, alhali kin san ba inda za ni?"

"Na ga abin yana ɗebe miki kewa ne."

"To wa zai hau gurbina?"

Yvette ta sunkuyar da kai. "Réjean." Sabon saurayinta ke nan, wanda ko mirginowa bai iya ba.

Marjorie ta ja kwalekwalenta zuwa mota. Yvette ta kama gindinsa kamar yadda suka saba, Marjorie ta ce mata, "Saki." Ita kaɗai ta cicciɓa shi saman motar, kafaɗarta na zogi, ta ɗaure.

Ranar da 'yan ajin suka tashi zuwa tsibiran, tana tsaye a tagar kicin ta ga jerin kwalekwalensu na fita daga mashiga. Ta ja labule. Da shekara ta zagayo ta koma wani aji a garin Baddeck, ta kuma faɗa wa malamin zancen jirin da bakinta tun ranar farko. In suka haɗu da Yvette a coci, gaisuwa ce kawai.