Likitar Baƙi

Da tsakar rana Marwan ya sake durƙusawa a tsakar gida yana tonon ƙasa da hannu. Ba ya ihu, ba ya kuka. Tono kawai yake, yana watsa ƙasar ta tsakanin ƙafafunsa, faratansa duk sun fashe. Ramata, matarsa, ta ajiye ludayi ta zo ta riƙe masa wuyan hannu, ya fizge ko kallonta bai yi ba.

Sai ga yayansa Baha'uddeen ya shigo babu sallama, kamar yadda ya saba tun da ƙaninsa ya zama abin da ya zama. Ya tsaya da rawaninsa da ƙamshin turarensa yana kallon ramin.

"Kin gani ko? Ke kika ce a ba ki lokaci."

"Yaya, na yau bai kai na jiya ba."

"Riƙe wanga zance naki. In bikin Biyanu ya wuce shina haka, Aderbissinat zan kai shi wajen malamin nan. A sa mishi mari a ƙahwa, a daki abin da ke jikinshi har ya hita."

Ramata ta san gidan da ake nufi. Ta ga wani maƙeri na unguwarsu da ya dawo daga can, an ce ya warke. Ko ƙuda ka ɗaga hannu za ka kora, sai ya kare kansa da hannu biyu.

Marwan ya tafi haƙar zinariya Djado ne, can cikin hamada, tare da autansu Idi, ya dawo shi kaɗai. Rami ya rufta da Idi a ciki. Ranar zaman makoki Marwan ya buɗe baki zai faɗi yadda abin ya faru, Baha'uddeen ya katse shi a gaban mutane, ya ce mamaci addu'a yake so ba labari ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake jin muryarsa. Ya daina shiga ɗaki kuma, duk abin da ke da rufi tsoronsa yake ji.

*

Babu abin da ba a gwada ba. Uwarsa ta aiko da rubutu, ya sha. An turara masa hayaƙi har idanunsa suka kumbura. An kawo wani mai ruƙiyya ya yi ta ƙaraji a kunnensa yana tambayar aljanin sunansa, aljani dai bai ga damar amsawa ba, malam ya ci tuwonsa ya tafi. A ɗakin magani na unguwa, majo, wato ma'aikacin jinyar wurin, ya rubuta wasu ƙwayoyi da suka mayar da Marwan buhun gero: inda ka ajiye shi nan za ka same shi, yawu na zuba. Da ƙwayoyin suka ƙare ya koma tononsa.

A rediyo Ramata ta ji cewa akwai likitocin da ba sa allura, zama suke su saurari mutum har abin da ya cushe masa a ƙirji ya fito. Ta koma ta tambayi majo. Ya dube ta tun daga takalmi har ɗankwali.

"Sikolog kike nuhi? Ke da wa? Ki tahi Yamai. Ko kuwa gidan baƙi, can kam suna da su."

Gidan baƙi shi ne wancan katafaren gida na wata ƙungiyar agaji a bayan gari, inda ake sauke 'yan ci-ranin da aka koro daga Aljeriya. Ana ba su bargo da abinci da mai sauraren kukansu. Ba wanda zai yi musu baƙin ciki, sun ga abin da suka gani a hamada. Amma hamadar nan ɗaya ce, kuma ba ta tambayar takardar haihuwa kafin ta ci mutum. Mai tsaron ƙofa ne kawai ke tambaya, shi kuwa Ramata ta tarar da ta je.

"Ɗan ina ne mijin naki?"

"Ɗan nan ne. Bayan babban masallaci aka haihe shi."

"To nan ba na 'yan nan ba ne. Gusa, kin tare hanya."

Ta dawo gida tana haɗiyar takaici. Maƙwabciyarta Uwani, wadda ke dafa abinci a gidan baƙin, ita ta kawo dabara. Ta ce a sa masa tsohuwar riga, ita za ta ce a tasha ta tsince shi, ɗan Katsina ne da aka koro, wahala ta ɗauke masa magana. Ramata kuma ta shiga a matsayin mai taya ta yankan albasa.

"Bebe ba ya ƙarya," in ji Uwani. "Amma ki sani, in ya tona mu, ban san ki ba."

*

Likitar mace ce 'yar Damagaram, ana ce mata Madam Jamila. Da ta lura Marwan ya toge a bakin ƙofa, ba ta ja shi ba. Ta sa aka fito da kujeru gindin bishiya, aka yi da'ira a can. Daga bayan zanar da ta kewaye murhu, Ramata na jin komai.

Abin ya ba ta haushi da farko. Wannan ne maganin? Mace ta zauna da shayi tana cewa wanda ke son magana ya yi, wanda ba ya so ya zauna? Wani ya faɗi yadda aka zubar da su cikin rairayi, wani ya yi kuka, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Idan aka zo kan Marwan sai Madam Jamila ta ce, "Kai ma muna tare da kai," ta wuce. Ran da ya durƙusa zai yi tono ba ta riƙe shi ba. Ta sauko daga kujera ta tsuguna kusa da shi.

"Akwai wanda ke ƙasa ko?"

Hannunsa ya tsaya cak.

Daga nan tonon ya fara raguwa. Ya soma wanke hannu da kansa kafin cin abinci. Wata safiya ma ya tsaya a bakin ɗaki, ƙafa ɗaya a ciki. Ramata ta yi murna, kuma murnar ce ta zame mata tsoro. Magana take roƙon Allah ya dawo masa da ita, alhali shirunsa ne kaɗai ya ba shi kujerar nan. Idan ta ɗaga hannu addu'a sai ta rasa wanne za ta roƙa.

Allah ya zaɓa mata wata Laraba, tana cikin tsince shinkafa.

"Igiyar tana hannuna."

Muryar ta dushe, amma ta Marwan ce. Tiren ya kusa suɓuce mata.

"Igiyar tana hannuna lokacin da ramin ya ruhe. Bai mutu nan take ba, ina jin shi. Na yi ta tono. Mai ramin ya ce a bari, ba a kai gare shi. Na ɗora kunnena a ƙasa yana yi mini magana, har ya daina. Na taho Agadez, na shiga unguwarmu, na tarar da innarmu zaune a ƙohwar gida, ta ce ina Idi."

"Wace unguwa?" wani ɗan ci-rani ya tambaya. "Kai ba ɗan Katsina ba ne?"

"Ku bar shi ya ƙarasa," in ji Madam Jamila.

Ba su bar shi ba. Wani ya miƙe yana cewa ɗan gari ne ya zo cin rabonsu, wani ya ce ɗan leƙen asirin jandarma ne. Hayaniya ta fito da shugaban gidan daga ofishinsa. Uwani ta rantse da Allah ba ta taɓa ganin Ramata ba sai a nan. Kafin la'asar suna waje, mai tsaron ƙofa ya wurgo musu takalmin Marwan ɗaya da ya faɗi.

Madam Jamila ta biyo su da sauri.

"Ki yi haƙuri. Kuɗin aikin agajin nan na baƙi ne, ba ni da iko. Amma kar ki bari ya yi shiru, yanzu ne ya fara."

"Kin buɗe ƙurji kin bar mini shi a rana," in ji Ramata. "Koma wajen baƙinki."

*

Labari ya riga su isa gida. Baha'uddeen na tsaye a tsakar gida, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ɗan gidanmu, a layin tuwon sadaka, shina cewa shi Bakatsine ne. Ke kika ja mana wanga abin kunya. Gobe da mi zan dubi mutane a kasuwa?"

"Yaya, ya yi magana. Ka saurare shi."

Marwan ya matso, ya kama gefen rigar yayansa kamar yadda yake yi suna yara.

"Yaya, Idi ya ba ni saƙo. Daga cikin ƙasa ya ce in gaya maka..."

Baha'uddeen ya fizge rigarsa ya ja da baya yana neman tsari.

"Kun ji ko? A da shiru yake, yanzu matattu ke aiko shi. Abin ya yi ƙarhi. Ba zan jira Biyanu ba."

Ramata ta yi roƙo, ta yi zagi, ta je wajen uwarsa ta durƙusa. Tsohuwar ta juya fuska bango ta ce ita ɗa guda ta riga ta rasa, a yi abin da babba ya ce.

Da safe motar Aderbissinat ta tsaya a bakin lungu. Kafin a fito da shi, Ramata ta yayyaga tsohon zanenta, ta zauna a ƙasa ta naɗe masa idon sawu ɗaya bayan ɗaya, ninki a kan ninki, don kada ƙarfe ya ci fata. Baha'uddeen na waje yana ciniki da mai mota kan kujerar gaba.

Ta ɗaure ƙulli na ƙarshe, ta ɗago kai ta yi ƙasa da murya.

"Ni ka gaya mini. Mi Idi ya ce?"

Marwan ya buɗe baki. Ya dubi ƙofa, inda muryar yayansa ke shigowa. Sai ya mayar da bakin ya rufe, ya miƙa mata hannuwansa biyu, ko su ma za a naɗe.