Lilon da Ba Ya Juyawa Ran Talata

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ko da zaƙi ko da ɗaci.

To, wani makaniki ne aka yi, yana aiki a wurin wasa na bakin gari, irin wurin nan mai dawakan katako masu zagayawa da motocin karo da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa. Amma abin da ke kai mutane can shi ne babban lilo, wani ƙaton wilin ƙarfe a tsaye, da kwanduna ashirin da huɗu a rataye. Ka shiga kwando ya ɗaga ka sama har ka ga gari a shimfiɗe kamar tabarma. Shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana kula da lilon. Kowa Mai Giris yake ce masa, don ko sabulu uku ya ƙarar a wanka, warin giris ba ya barin jikinsa.

Wurin yana da tsarinsa. Asabar da Lahadi ake cika, kuɗin shiga cikakke, komai na aiki. Talata kuwa ba kowa, rabin kuɗi ake karɓa, iyalan ma'aikata kuma kyauta suke shiga. Sai dai a Talatar ne ake tsayar da babban lilo a yi masa gyara. Kun ga inda gizo ke saƙa. Ranar da matar Mai Giris ke da damar shiga kyauta, ranar ce mijinta ke can ƙololuwa da gwangwanin giris a ƙugu, lilon kuma a kulle.

Duk da haka ba ta fashin zuwa. Kowace Talata takan kawo masa abincin rana, ta zauna kan benci a gindin lilon tana ɗaga kai har wuyanta ya ƙage.

"Malam, wai yaushe zan hau abin nan?"

"Wata rana."

"Wata ranar nan taka ta girmi 'yarmu. Ka kawo ni ran Asabar mana."

"Ni in biya kuɗi in shiga inda nake aiki? Ai sai ƙarfen ya yi mini dariya."

A wurin ma'aikatan nan, abin kunya ne a ga ɗayansu a layin tikiti. Hannu kawai suke ɗaga wa mai gadi su wuce. Ita kuma mace ce mai haƙuri, sai ta yi dariya ta buɗe masa kwano.

Abin da ya sa take son hawa, shi ya jawo shi da bakinsa. Wata Talata ya sauko yana goge hannu, ya ce da ita, "Yau kin wanke jan zaninki." Ta ce wa ya gaya masa? Ya ce daga sama yake hango rufin gidansu, can bayan tankin ruwa, har da igiyar shanya. Ba ta yarda ba, ta ce daɗin baki ne irin na maza. Amma tun daga ranar, duk Talata kafin ta fito sai ta shanya jan zanin, ko da wankakke ne. In ya tsufa ta sayi wani jan. Maƙwabta har suna cewa ba sa bukatar kalanda.

Akwai kuma wata doka da Mai Giris ya kafa, ku riƙe ta, za ta dawo. Tun yana sabon ma'aikaci, wata Talata wani babban mutum ya kawo 'ya'yansa, manaja ya ce a juya musu lilon sau ɗaya kawai, alhali Mai Giris na sama hannunsa a cikin ƙarfe. Yatsunsa biyu na dama suka tafi a wannan juyin. Da ya warke sai ya sayo kwaɗo ya datse akwatin kunna lilon, ya ce daga yau in ana gyara, makulli yana aljihun mai gyara, ba a buɗewa sai an ɗaure noti na ƙarshe, ko da mai wurin ne ya zo da kansa. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa, wannan ya fara koya kafin riƙe sifana.

Kwanci tashi, Mai Giris ya yi ritaya. Dogo, wanda ya daɗe a ƙarƙashinsa, ya gaji makullin. Sai ciwon suga ya kama matar, ya cinye idon hagu, na dama ya fara yin hazo. Likita ya sa ranar Alhamis za a yi mata aiki, bai kuma ɓoye musu ba, ya ce aikin zai iya riƙe ganin da ya rage, zai kuma iya tafiya da shi.

Ran Juma'a kafin wannan Alhamis ɗin, 'yarsu Auta, tela ce, ta zo gida ta tarar da uwar tana ninke jan zani da lalube.

"Inna, me kike so in yi miki kafin a shiga da ke?"

"Ba komai. Gidan nan kawai nake so in gani daga sama, in san ko ubanki maƙaryaci ne."

Auta ta damƙa wa uban kuɗin mutum biyu, cikakke. "Baba, gobe Asabar. Don Allah gobe."

Ya ce to. Da gari ya waye sai ya fara kawo dalilai. Asabar turmutsutsu ne, yara za su bangaje ta, layi ya yi mata tsawo ga rana. Dalilan ba ƙarya ba ne. Amma gaskiyar da ke ƙarƙashinsu ita ce ba zai iya tsayawa a layi ya biya cikakken kuɗi a ƙofar da ya shekara talatin da ɗaya yana wucewa da ɗaga hannu ba.

"Talata za mu," ya ce. "Ba kowa, ga sauƙin kuɗi. Dogo yarona ne, juyi ɗaya zai yi mana."

"Malam, araha ba ta ado."

"Ke dai ki sa ido ki gani."

"Wanne? Guda ne ya rage."

Ran Talata da safe ta lallaba ta shanya jan zanin da kanta, ta sa masa maƙali har huɗu don kada iska ta ɗauke. Suka hau mota suka tafi.

A ƙofa ya tarar da sabon mai gadi, ya ɗaga masa hannu, mai gadin ya nuna masa tagar tikiti. Yarinyar da ke tagar ta ce shiga kyauta na masu aiki ne, ban da waɗanda suka ajiye. Ya biya rabin kuɗin yana kallon gefe.

Yarinyar ta ce, "Baba, ka dai karanta allon can ko? Babban lilo a rufe yake, motocin karo ma haka, jirgi kuma sai mutum goma sun taru. Kada ka shiga ka fito kana cewa an cuce ka. Rabin kuɗi, rabin wasa."

"'Yata, allon nan ni na buga masa ƙusa."

Ciki shiru, sai ƙarar tsintsiyar mai shara. An lulluɓe motocin karo da tampol, rumfunan sayar da kayan sanyi duk a rufe, dawakan katako suna ta zagayawa da waƙarsu ba kowa a bayansu. Ya riƙe hannunta har gindin lilon. Ta shafa bencin ta ce, "Ka ga, shi bai manta da ni ba."

Dogo na hango su ya sauko daga tsani da sauri, ya durƙusa ya gaishe su. Shi ma furfura ta fara fito masa.

"Inna, ina kwanon? Ko don Baba ya tafi shi ke nan mun zama marayu?"

"Kai da kake cinye masa rabi? Ai na huta da kai."

Mai Giris ya ja shi gefe ya gaya masa komai, Alhamis da likita da jan zani. Dogo ya sunkuyar da kai.

"Baba, kwanduna takwas na kwance wa noti. Sai yamma liƙis za mu gama, gobe a gwada shi ba kowa a ciki, jibi a sa hannu a takarda. Ka fi ni sani."

"Jibi tana asibiti. Ka sauko da yaranka, ka sa mu a kwandon da ka gama ɗaurewa, ka juya a hankali. Sau ɗaya."

"Waɗanda na kwance kuma su rataye a saman kanku?"

"Ba abin da zai faru. Na san ƙarfen nan tun kana rarrafe."

Dogo bai yi musu ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro makullin, ya kamo hannun daman tsohon, mai yatsu uku, ya ɗora masa a tafi.

"Kai ka sayo kwaɗon nan, Baba. In ka buɗe, ba zan riƙe ka ba. Ni dai ba zan iya ba."

Mai Giris ya taka har gaban akwatin. Kwaɗon nan ne dai, ya san inda ya lotse, ya san yadda ake ɗan ja shi kafin ya buɗe. Ya ɗaga kai ya dubi kwandunan da aka ɗaura wa tsumma alamar ba a gama da su ba, ya dubi matarsa a benci ta juyo da idonta mai gani wajensa. Ya daɗe a tsaye, har dawakan katako suka gama waƙa suka sake ta daga farko. Sannan ya dawo ya mayar wa Dogo makullinsa.

"Na cuce ki," ya ce da ita. "Da Asabar muka zo."

"Da Asabar muka zo," ta ce. Ba ta ƙara masa da komai ba, ba ta kuma rage masa ba. Can sai ta ce, "To kai ni kwandon ƙasa in zauna, kada rabin kuɗinka ya tafi a banza."

Dogo ya buɗe musu kwandon da ke daidai dakali, wanda aka riga aka ɗaure. Suka zauna suna fuskantar juna, gwiwa na taɓa gwiwa. Ta shafa ƙarfen riƙewa ta ce ashe ya fi yadda take zato faɗi. Ba abin da ake gani daga nan sai katanga da bayan rumfa.

Dogo ya koma saman tsani. Jim kaɗan sai muryarsa ta sauko.

"Inna, ga tankin ruwa can. Bayansa akwai wani rufi da gefe guda ya yi tsatsa."

"Namu ne. Shekara biyar ina cewa a sauya kwanon."

"Akwai wani abu ja a igiya, iska na kaɗa shi."

Sai ta yi dariya, dariyar ta juye hawaye, ta ja bakin mayafi ta goge.

"Ashe ba ƙarya yake yi ba," ta ce.

Da suka koma gida Auta ta ji yadda aka yi. Ba ta ɗaga murya ba. Uban ya miƙa mata ragowar kuɗin, ta ce ya riƙe, tun da shi ya yi musu wahala. Wannan maganar ta fi mari zafi.

Ran Alhamis aka yi aikin. Da aka kwance bandeji bayan kwana shida, likita ya haska mata fitila, ta ce masa ya kunna mana. Ganin da ya rage ya tafi.

Bayan wata guda, wata Asabar, Mai Giris ya sa rigarsa mai kyau ya kai ta. Ya shiga layin tikiti ya tsaya a rana kusan awa ɗaya, tsoffin abokan aikinsa suna wucewa suna ganinsa, bai sunkuyar da kai ba. Ya biya cikakke daga aljihunsa. Yara ba su bangaje ta ba, hanya ma suka ba ta. Lilon ya ɗaga su, ta ƙanƙame hannunsa mai yatsu uku.

"Mun kai saman?"

"Mun kai."

"Auta ta shanya jan zanin?"

"Ta shanya. Ga shi can."

Ta juya fuskarta inda ya juya mata. Ta ce, "Iskar nan daban take da ta ƙasa. Shekara talatin kana shan ta kai kaɗai, marowaci." Bai saki hannunta ba har suka sauko.

Ta yi shekara biyu bayan haka, shi ne idonta, shi ke kai ta ko'ina, sannan ciwon ya ɗauke ta. Auta ta ɗauke uban ta kai shi gidanta, ta ɗinke masa jan zanin ya zama rigar matashin kai. Dogo yana nan da makullin a aljihu, lilon kuma har yanzu ba ya juyawa ran Talata. Mai Giris bai sake taka wurin wasan ba har ya bi matarsa.