Mangwaron Marigayiya a Gaban Alƙali

Ni na fara ganin alƙalanci a goshin yarinyar nan, tun ba ta iya ɗaura zani ba. Yayyenta biyu suna kokawa a kan ƙwallo a tsakar gida, ta shiga tsakaninsu da majina a hanci, ta ce da babban, "Kai ka faɗi naka, yi shiru shi ma ya faɗi nasa." Na ce da ubanta, wannan jikar tawa kujerar shari'a za ta hau. Ya yi mini dariya. To yau wa ke dariya?

Ni ban taɓa zama a aji ba. Amma ambaliya ta ci gidana na fito, babbar mota ta kife da ni na tashi na karkaɗe rigata, likitan da ya ce a tara mini dangi kuwa shi ya riga ni tafiya. Don haka da maƙwabcina tela ya kai ni ƙara, ko gezau ban yi ba.

A kan mangwaro ne. Marigayiya matata ta dasa shi da hannunta a gindin katanga, shekarar da muka tare a gidan. Saiwarsa ta bi ta ƙasa ta tsaga bangon shagon tela, har yatsa na shiga tsagar. Ya ce a sare. Na ce sai dai a fara da ni. Telan da a kan shan mangwaron nan haƙoransa suka ƙare!

Da na ji kotun da jikata ke zama aka kai maganar, na saɓa babbar riga na nufi gidanta ina taku ɗai-ɗai.

"Amaryata, kin ji abin da ya sami angonki?"

"Na ji, tsoho. Har na cire hannuna. Wani alƙali zai saurare ku."

"Kin cire me? Ni da nake ɗaukar ki a wuya in kai ki makaranta?"

"Ai shi ya sa. In na ba ka gaskiya, tela zai ce jini ne ya yi aiki. Haƙƙinsa ne ya tsaya gaban wanda bai taɓa hawa wuyan ɗayanku ba."

"To ki ɗan raɗa wa abokin aikin naki a kunne."

"Kaka, ranar da aka fara raɗa, wanda ya fi ka dangi zai raɗa a sare maka bishiya. Me kake gani ya hana tela shigo maka da gatari? Ya san akwai inda za a saurare shi ne."

Na fita cikin fushi. Abincin da ta ƙulla mini dai na ɗauka, don shi bai yi mini laifi ba.

Ranar zama, ɗakin kotu ya cika, fanka na ƙara a sama kamar tsohuwar amalanke. Alƙalin ɗan siriri ne mai tabarau, sa'an ɗana na ƙarshe. Na zuba bayani tun daga ambaliya. Da tela ya buɗe baki, na miƙe zan gyara masa zance, sai alƙali ya ɗaga hannu.

"Baba, ka faɗi naka. Zauna shi ma ya faɗi nasa."

Na kusa tuntsirewa da dariya. Ashe maganar jikata suka kwashe daga tsakar gidana suka mai da ita doka!

Na zauna dole, kuma ranar na fara jin tela da kunne biyu. Ya ce a gindin bangon nan kekensa na ɗinki yake, duk sanda aka yi ruwan sama ƙasa na zubo masa a ka, ba ya ɗinki sai yana ɗaga ido.

"Ranka ya daɗe, ni ma ba son ganin kututturen nake yi ba," in ji shi. "Mai dashen ta sha aiko mini da nunannun a kwano. Tsoro nake ji kawai."

Wani abu ya faɗa mini a ido. Ƙurar fanka ce.

Alƙali ya tura magini ya dubo wurin, sannan ya yanke: a haƙa rami tsakanin bishiya da bango, a datse saiwar da ta ƙetara, a zuba kankare, gyaran bango kuma a wuyana. Bishiya ta tsaya. Ya ce wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sama.

"Kotun sama?" tela ya raɗa mini. "Da waɗannan gwiwoyin namu?"

Ni na kwaɓa simintin da kaina, tela na miƙo ruwa yana cewa na karkace. Jikata ta zo kallo, na ce mata, "Kin ga ba ki taimake ni ba ma na yi nasara."

"Bango fa kake gyarawa, Kaka."

"A inuwar wa?"

Mangwaron na nan, bana har reshe ya karye don 'ya'ya. Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo ya zauna a gindinsa ba hula, in nunanne ya faɗo masa a ka sai ya maimaita mini.